Karon farko zan sauya jirgi a Istanbul: yaya zan gano ƙofata kafin jirgi ya tafi ya bar ni?

Tambaya: Na samu gurbin karatu a Malesiya. Tikitina na Turkish Airlines ne, daga Abuja zuwa Kuala Lumpur, amma zan sauya jirgi a Istanbul, kuma tsakanin saukata da tashina awa 2 da rabi ne kacal. Ban taɓa fita ƙasar waje ba, iyakata Legas. An ce filin jirgin nan gari ne guda. Yaya zan yi kada in ɓata, kuma ina zan ɗauki akwatina?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ka lafiya. Awa 2 da rabi sun ishe ka, har ka yi salla ka sha shayi, matuƙar ka sa kowane abu a muhallinsa. Sana'ata ke nan, sayar da tikiti da shirya wa matafiya hanya, kuma mafi yawan waɗanda suka kira ni suna cewa jirgi ya bar su a Istanbul ko Dubai, da an bi diddigi sai a tarar ɗaya daga cikin abu uku ne: ko sun bi ayarin mutane ba tare da duba allo ba, ko agogonsu yana kan lokacin gida, ko kuma sun zauna cin abinci kafin su je su ga ƙofarsu da idonsu. Girman filin kansa ba kasafai yake kayar da mutum ba.

Aikin yana farawa ne tun daga Abuja, a kantar da ake auna kaya. Kafin ranar tafiya ka duba tikitinka ka tabbata duka tafiyar biyu suna ƙarƙashin lambar rajista ɗaya, wato haruffa da lambobin nan shida da ke saman takardar. In haka ne, to kamfanin ne ya ɗauki alhakin kai ka Kuala Lumpur, kai da kayanka. A kanta za a ba ka takardar shiga jirgi guda biyu, ta Abuja zuwa Istanbul da ta Istanbul zuwa Kuala Lumpur. In guda aka miƙo maka, ka tambayi ta biyun. Wani lokaci na'ura ba ta fitar da ita, sai a ce ka karɓa a can, ba wata matsala ba ce, illa dai za ka tsaya a teburin masu sauya jirgi in ka sauka. Sannan kafin akwatinka ya wuce, ka kalli farar takardar da aka ɗaura masa a hannu. Kowane filin jirgi yana da laƙabi na haruffa uku: Abuja ABV, Kano KAN, Istanbul IST, Kuala Lumpur KUL. Abin da kake son gani a matsayin zangon ƙarshe shi ne KUL. In ka gan shi, ka manta da akwatin nan sai Malesiya, ba ruwanka da shi a Istanbul, kada ma ka je nemansa. Ɗan ƙaramin rasit ɗin da za a manna maka a bayan takardarka ko fasfonka, ka adana shi, domin da shi ake neman kaya in sun maƙale.

Na tsaya a kan batun lambar rajista ne saboda wani abu da nake yawan gani. Wasu ejan-ejan, don su nuna maka farashi mai sauƙi, sukan haɗa tikiti biyu daban-daban, kowanne cin gashin kansa. Mai irin wannan tikiti dole ne sau da yawa ya shiga ƙasar, ya ɗauki kayansa, ya sake aunawa, kuma shiga Turkiyya da fasfon Najeriya sai da biza. Mafi muni, Istanbul tana da filin jirgi na biyu, Sabiha Gökçen, mai laƙabin SAW, a ɓangaren Asiya na birnin, tafiyar kusan awa guda ko fiye a mota ko da hanya ta yi kyau. In ka ga IST a layin sauka, SAW a layin tashi, wannan tikiti ba naka ba ne, ka mayar. Araha ba ta ado. Amma mai tikiti ɗaya da zai sauka a IST ya tashi a IST, bai fita daga harabar masu wucewa ba, ba ya buƙatar bizar Turkiyya.

Sai maganar agogo. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da abin zai faru ne. Turkiyya tana gaban Najeriya da awa 2, rani da damina, Malesiya kuma da awa 7. Wayarka da ka kashe wa sabis a jirgi za ta sauka Istanbul tana nuna maka ƙarfen Abuja, sai ka duba ka ga da sauran lokaci mai yawa, alhali ana can ana rufe ƙofa. Tun kuna sama ka ƙara awa 2 a agogon hannunka, in kun sauka kuma ka dogara da agogon da ke jikin allunan filin. Ƙidayarsu ta awa 24 ce, 01:50 tsakar dare ke nan, 13:50 bayan azahar.

Kuma awa 2 da rabin nan ba duka ne naka ba. Lokacin tashi da ke tikiti shi ne lokacin da jirgi zai ja baya daga inda yake tsaye. Shiga jirgi yana farawa tun kusan awa guda kafin nan a manyan jirage masu dogon zango, ana kuma rufe ƙofa minti 20 kafin tashi, ko da jirgin yana nan kana ganinsa ta gilashi. Ka cire wannan, ka cire minti 10 zuwa 15 na fitowa daga jirgin farko in kujerarka tana baya, ka cire layin bincike da tafiyar ƙafa. Abin da zai rage maka bai fi awa guda ba. Ya isa, amma ba na yawon buɗe ido ba ne. In kun taɓa ƙasa ka ga jirgi ya yi ta gangarawa minti 15 ko fiye bai tsaya ba, kada hankalinka ya tashi, haka filin yake, titunan saukarsa suna da nisa da ginin, kuma an riga an sa wannan a lissafi.

Yanzu ga wurin da ya fi ko'ina muhimmanci. Da kun fito daga jirgi za ku miƙe wani dogon lungu gaba ɗayanku, kowa yana sauri. A gaba hanya za ta rabu. Masu shiga Turkiyya za su bi alamar Passport Control da Baggage Claim, mai hoton akwati. Kai ba nan za ka bi ba. Taka alamar ita ce International Transfers, kuma ita za ka yi ta bi ko da ka ga kowa ya juya wani wajen. Akwai kuma Domestic Transfers, ta masu zuwa garuruwan cikin Turkiyya irin su Ankara da Izmir, ita ma ba taka ba ce. In ka tsinci kanka a layin da jami'i yake zaune cikin akwatin gilashi yana buga hatimi a fasfo, ka yi kuskuren hanya, ka fita daga layin ka koma baya. Mutumin da kuka yi hira da shi tun daga Abuja, mai yiwuwa Istanbul ce iyakarsa, saro kaya ya zo yi, bin sa ba zai kai ka Malesiya ba.

Alamar za ta kai ka wurin bincike. Za a duba takardar shiga jirginka, ka sa jakar hannu a faranti, ka cire bel da agogo da waya da tsabar kuɗi, kwamfuta kuma in an ce a fito da ita ka fito da ita. Duk wani abu mai ruwa da mazubinsa ya wuce mililita 100 ana iya karɓe shi a nan, har da ruwan gorar da aka ba ka a jirgi. Na san hajiya ba za ta bar ka ka tafi hannu rabbana ba, to zuma da man shanu da manja da babbar kwalbar turare, duk a babban akwati, a naɗe da kyau. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ba sa damun masu binciken nan, amma kilishi da dambun nama ƙasashe da yawa ba sa bari a shiga da su, gara ka cinye abinka kafin ka isa. Akasin haka, batirin cajin waya da ake kira fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi a akwatin da aka auna. Fasfo, takardun makaranta, katin rigakafin shawara, magani, kuɗi, duk a jikinka.

Kana fita daga bincike za ka faɗa wani makeken zaure mai kantuna, ga ƙamshin turare, ga kayan zaƙi. An gina shi ne don ka tsaya ka kashe kuɗi. Ka wuce su ka nemi babban allon da aka rubuta Departures. A wannan allo jirage suna jere ne bisa lokacin tashi, don haka ka fara neman ƙarfenka, sannan lambar jirginka, wadda ta fara da TK, sannan sunan gari. Lambar ita ce hujja. Gari ɗaya yana iya samun jirage biyu ko uku a yini, na kamfanoni daban-daban, kuma akwai waɗanda suka je suka zauna a ƙofar garin da za su, amma ta wani jirgin. Za ka kuma lura layi ɗaya yana juya lambobi, yanzu TK, anjima wasu haruffan. Jirgi ɗaya ne, kamfanoni ne suka yi tarayya wajen sayar da kujerunsa, ka ɗan jira taka za ta zagayo. A ƙarshen layin za ka ga ƙofa, harafi da lamba. In wurin babu komai, ba a sanar ba tukuna, sai ka zauna kusa da allon. Ƙofar da aka buga a takardarka tun Abuja, in ma an buga, awanni bakwai ko fiye ke nan, ana iya canza ta. Allo ya fi takarda gaskiya.

Wani ruɗani da ba a cika faɗa ba: a takardar shiga jirgi akwai lamba biyu masu kama da juna. Ta ƙarƙashin Gate ita ce ƙofa, harafi ne a gaba, kamar D12. Ta ƙarƙashin Seat kujerarka ce a cikin jirgi, lamba ce a gaba, kamar 12D. An sha samun mutum yana zagaye fili yana neman kujerarsa.

Shi filin na Istanbul, wanda aka ƙaddamar a ranar 29 ga Oktoba 2018, aka kuma kwaso jiragen fasinja daga tsohon filin Atatürk zuwa cikinsa a Afrilun 2019, gini ɗaya ne tak, mai faɗin kusan murabba'in mita miliyan 1.4. Wannan rahama ce gare ka, domin ba za ka hau jirgin ƙasa ko bas zuwa wani gini ba. Zauren kantunan nan shi ne tsakiya, daga jikinsa dogayen rassa suka miƙe. A da B suna gefe ɗaya, D da F kowanne da nasa reshe, ƙofofin C da E suna manne da zauren tsakiya, G kuma na jiragen cikin gida ne, ba ruwanka da shi. Ka fara bin harafin kawai, kada ka damu da lambar. Allunan da ke rataye a sama za su nuna A, B da kibiya, ko D, ko F. In ka shiga reshenka sannan ka koma ƙidaya, kuma gwargwadon girman lamba gwargwadon nisanta. Daga tsakiya zuwa ƙarshen reshe yakan ci minti 15 zuwa 20 ga mai lafiya. Akwai shimfiɗaɗɗun bel masu tafiya da kansu a ƙasa, ka hau, ka ci gaba da takawa a kai in kana sauri, in tsayawa za ka yi ka raɓe dama. Wasu ƙofofin suna da ƙarin harafi a ƙarshe, kamar A ko B, wasu kuma sai an sauka bene, inda bas ke ɗaukar fasinja zuwa gindin jirgi. Irin waɗannan ba sa son makara ko kaɗan, bas na ƙarshe in ya tafi shi ke nan.

Shawarar da nake ba kowa, kuma ba na sassautawa a kanta: ka je ƙofar tukuna. Ka tsaya a gabanta, ka karanta ƙaramin allon da ke kanta, ka ga lambar jirginka da Kuala Lumpur. Daga nan ne ka san nisan da ke tsakaninka da jirgi, sai ka nemi banɗaki, masallaci, abinci a nan kusa. Masallatai suna da yawa a filin, da wurin alwala, maza daban mata daban, alamarsu hoton masallaci ne ko mai durƙuso, da kalmar Mescit. Kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta gare ka, kuma ka duba lokutan sallar garin, domin da bazara yininsu yana da tsawo ƙwarai, magariba takan wuce ƙarfe 8 da rabi. In ka idar ka sake leƙa allo. Ana canza ƙofa ko da saura minti 40, kuma filin jirgi ba tashar mota ba ce da ɗan kamasho zai zo ya ja hannunka yana kiran sunan gari. Manyan filaye da yawa sun rage shela da lasifika, wadda ake yi ma ba lallai ka gane sunanka a bakin Baturke ba. In barci ya rinjaye ka, ka yi shi a kujerar da ke gaban ƙofar, ka saita ƙararrawa.

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Ka nemi mai kayan aiki da katin shaida a wuya, ko teburin da aka sa wa harafin i. Ba sai ka yi dogon Turanci ba, miƙa takardar shiga jirgin ka nuna lambar, zai nuna maka hanya. Intanet na filin kyauta ne, ana samun lambar shiga ta saƙon waya, ko a wasu na'urori da ake ɗora fasfo a kai, waɗannan sun fi sauƙi ga wanda layinsa na gida ba ya aiki a can. Abinci kuwa da tsada, kuma za a ciyar da kai a jirgi na biyu, don haka ruwa da ɗan abin taɓawa sun wadatar.

To in jirgin Abuja ya makara fa? Da tikiti ɗaya, wannan matsalar kamfani ce. Ka gaya wa ma'aikatan jirgi tun kuna sama, wani lokaci ma za ka tarar da ma'aikaci a bakin ƙofa yana kiran masu gajeren lokaci. In duk da haka ya tafi, kada ka fita waje, ka nemi teburin Turkish Airlines na masu sauya jirgi, za su sa ka a jirgi na gaba ba tare da ka biya ba, su kula da abincinka gwargwadon jiran. Batun otal a cikin gari yakan zo da cikas ga wanda ba shi da biza, sai dai ya jira a ciki. Amma in kai ne ka shagala a kanti ko ka yi barci, lissafi ya canza, kuɗin canjin tikiti a aljihunka zai fito, kuma ba kaɗan ba ne.

Abin da na zayyana zai yi maka aiki a kowane babban fili, bambancin kawai wasu gini ɗaya ne, wasu gine-gine da yawa, shi ya sa a can sai ka fara sanin tasha, wato ginin da ake kira Terminal, kafin ƙofa. A Dubai, Emirates tana Tasha ta 3, mai ƙofofin A, B da C, kuma zuwa A sai an sauka ƙasa an hau jirgin ƙasa. Yawancin sauran manyan kamfanoni suna Tasha ta 1, ƙofofin D. Tasha ta 2 kuwa, inda yawancin jiragen flydubai suke, tana can ɗaya gefen titin jirage, bas ke kai mutum, kuma tana cin lokaci. Doha gini ɗaya ne, ƙofofi A zuwa E, da wani ƙaton mutum-mutumi rawaya a tsakiya wanda kowa ke kwatance da shi. Addis Ababa, da 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou suka fi sani, ba ta kai waɗannan girma ba, sai dai cunkoson dare. Heathrow ta Landan tana da tasha huɗu, 2, 3, 4 da 5, masu wucewa suna bin alluna masu launin shunayya, kuma ba sa sanar da ƙofa da wuri. Sai dai kafin a kai ga wannan, mai fasfon Najeriya da zai ratsa ta Birtaniya ko ta ƙasashen Shengen irin su Faransa da Jamus yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin ba, sai in yana riƙe da wata biza ko takardar zama da ta ɗauke masa. Tun daga kantar Abuja ake mayar da mutane gida a kan wannan.

Ranar da Baba ko Hajiya za su yi irin wannan tafiya, kada a tsaya koya musu alluna. A nemi taimakon keken guragu a tikitinsu, aƙalla awa 48 kafin tafiya. Kyauta ne, kuma ma'aikaci zai karɓe su daga bakin jirgi ya kai su har ƙofa ta gaba. Dattawanmu sukan ƙi, wai ƙafarsu lau. A lallashe su, tafiyar ta fi kilomita a wasu lokuta, ga rashin harshe.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: kada ka karɓi saƙon kowa, a Abuja ko a Istanbul, komai ƙanƙantarsa, komai furfurar mai roƙon. Kada ka yarda a auna jakar wani da sunanka don kilonka ya yi saura, kada kuma ka tsare wa baƙo jaka. Hukuncin miyagun ƙwayoyi a Malesiya yana iya kaiwa ga kisa, kuma sunan da ke jikin takardar kaya shi ne mai kaya a idon hukuma. Ka ƙirga rasit ɗin da aka ba ka, su yi daidai da yawan akwatunanka.

In kun isa Kuala Lumpur, yanzu ne za ka bi alamun da ka guje wa a Istanbul. Manyan jirage galibi suna tsayawa ne a wani gini na daban, mai ƙofofin C, daga nan a hau ɗan jirgin ƙasa ko bas zuwa babban ginin Tasha ta 1, inda jami'an shige da fice suke. Ka riƙe fasfo da takardar amincewar biza da wasiƙar makaranta a hannu, ka kuma tambayi makarantar tun kana gida ko wakilinta zai tare ka, da kuma katin isowa da ake cikewa ta intanet kafin a taso. Bayan hatimi za ka ga allo mai nuna lambar bel ɗin da kayan jirginku za su fito, nan ma da lambar jirgi ake nema. Baƙaƙen akwatuna sun yi yawa, ka ɗaura wa naka ƙyallen atamfa, ka kuma gwada lambar jikinsa da ta rasit kafin ka ja. In bel ya tsaya naka bai fito ba, kada ka wuce kwastam. Teburin ɓatattun kaya yana nan cikin zauren, ka ba su rasit da adireshin makaranta, su ba ka lambar rahoto. Kayan da suka maƙale wajen sauya jirgi yawanci suna biyo jirgi na gaba, shi ya sa yake da kyau ka sa kaya kala ɗaya ko biyu a jakar hannu.